Gwajin Gilashin Ido Mai Tauri: Tambayoyin da Ma'aikatan Ido Suka Fi Yi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin ɗalibai da sababbin ma'aikata a kan gilashin mannawa a ido, wanda aka fi sani da kwantak, musamman mai taurin nan da iska ke ratsawa, da ake taƙaita sunansa da RGP. A duk inda muka ce koniya, muna nufin garai-garan fatar da ta lulluɓe baƙin ido, wadda gilashin ke zama a kanta. Harafin D kuwa dayofta ne, ma'aunin ƙarfin gilashi.

Mene ne gilashin gwaji, kuma me ya hana a yi oda kai tsaye daga awo?

Gilashin gwaji gilashi ne da aka san lanƙwasarsa da faɗinsa da ƙarfinsa, ana ajiye shi cikin jeri a asibiti don a ɗora wa ido na ɗan lokaci a ga yadda zai zauna. Jerin da aka saba gani yakan tashi daga lanƙwasar milimita 7.20 zuwa 8.40 ko kusa da haka, da tazarar 0.05 ko 0.10 tsakanin kowane biyu, ƙarfinsu kuma sau da yawa -3.00 D.

Ana iya yin oda daga awo, kuma a ido mai lafiya hakan yakan yi kyau, balle idan akwai na'urar zana taswirar koniya. Amma keratomita, wato na'urar auna lanƙwasar koniya, tana auna ɗan fili ne kawai, kimanin milimita 3 a tsakiya, alhali gilashin zai rufe sama da milimita 9. Ba ta san yadda koniya ke shimfiɗewa zuwa gefe ba. Ba ta san ko fatar idon mutum a ɗaure take ko a sake ba, ko yana ƙifta ido har ƙasa ko rabi yake tsayawa. Waɗannan su ne ke yanke hukuncin inda gilashi zai tsaya, kuma ba a ganinsu sai gilashi na kan ido. A koniyar da ba ta daidaita ba, kamar mai keratokonus (ciwon da koniya ke sirancewa ta yi tsini) ko tabo ko wadda aka yi wa dashe, gwaji ba zaɓi ba ne, dole ne.

Me ake aunawa kafin a buɗe akwatin gwaji?

Awon tabarau na yau, ba wanda ke kan tsohuwar takarda ba, a rubuta shi da silinda mai mainus. Silinda shi ne ɓangaren awon da ke gyara astigmatizim, wato yanayin da ido ya fi lanƙwasa ta wani layi fiye da wani. Sai keratomita, a maimaita sau uku a kowane ido, a kuma lura ko zoben hasken ya fito sumul ko a murɗe. Sai faɗin baƙin ido a kwance, wanda a yawancin manya yake tsakanin milimita 11.5 da 12. Sai girman tagar ido, wato ɗan ramin tsakiyar baƙin ido da haske ke shiga, a haske da kuma a duhu-duhu, sai buɗewar fatar ido da inda ta sama take yanke baƙin ido.

Bayan haka a duba ido da fitilar silit, wato na'urar duba ido mai haske da madubin ƙara girma: bakin fatar ido, a juya ta sama a ga cikinta, a sa fuloresin, launin da ke sa hawaye su yi kore a shuɗin haske, a ga ko akwai ƙujewa tun kafin a taɓa komai, a ƙirga daƙiƙun da hawaye ke ɗauka kafin su tsage. Ƙasa da daƙiƙa 10 abin lura ne. Wannan dubawar farko tana da muhimmanci ƙwarai, domin duk tabon da aka gani bayan an cire gilashi, sai da ita za a san ko gilashin ne ya jawo shi. Idan ido ya yi ja, ko yana zubar da kwantsa, ko akwai gyambo, ba a gwaji ran nan.

Wanda ya daɗe yana sa wani gilashin, musamman tsohon samfurin PMMA da iska ba ta ratsawa, koniyarsa na iya canza siffa. Awonsa na ranar farko ba abin dogaro ba ne, sai an maimaita har lambobin sun daina yawo.

Wane gilashi za a fara ɗauka?

A fara da faɗi, domin shi ne ke jan sauran. Ana rage milimita 2 ko ɗan fiye da haka daga faɗin baƙin ido, abin da ke kai yawancin mutane tsakanin 9.20 da 9.80. Da'irar gani da ke tsakiyar gilashin ta fi tagar ido a duhu da aƙalla milimita 1, in ba haka ba mutum zai dawo yana kukan fitilun mota na yi masa ƙaho da dare.

Lanƙwasar ciki, wadda ake rubutawa BOZR, ana ɗauko ta daga keratomita. Ƙaramar lamba tana nufin gilashi mai zurfi kamar ƙoƙo, babbar lamba kuma shimfiɗaɗɗe. Idan bambancin layuka biyu na koniya, wato mafi shimfiɗa da mafi lanƙwasa, bai wuce 1.00 D ba, a fara da lambar layin da ya fi shimfiɗa: mai awon 7.80 da 7.70 a ɗora masa 7.80. Idan bambancin ya kai tsakanin 1.00 da 2.00 D, a zurfafa da 0.05 zuwa 0.10. Daga 2.50 D zuwa sama, a sa a rai cewa gilashi mai lanƙwasa ɗaya ba lalle ya zauna ba. Kowane kamfani yana da jagorar samfurinsa, kuma idan ta saɓa da wannan ƙa'ida, ita za a bi, domin su suka san yadda suka yanka gefen gilashinsu.

Yaya ake sa shi a idon wanda bai taɓa sawa ba?

A faɗa masa gaskiya tun da wuri: zai ji kamar gashin ido ya faɗa masa, hawaye za su zo, kuma abin zai lafa. Kada a ce masa ba zai ji komai ba. A kuma bayyana masa cewa abin da yake ji ba koniya ba ce ake gogewa, bakin fatar ido ce ke karo da bakin gilashi a kowace ƙiftawa.

A wanke hannu a tsane shi sosai, a wanke gilashin, a ɗauraye, a ɗiga masa ruwan jiƙawa digo ɗaya. A ɗora shi a kan ɗan yatsa manuni. Majiyyaci ya kafa ɗayan idon a kan wani abu da ke gabansa ƙasa-ƙasa. A riƙe fatar sama daga gindin gashin ido a danne ta jikin ƙashin gira, a ja ta ƙasa da yatsan tsakiya, a ɗora gilashin kai tsaye a kan koniya. Ba a ɗora shi a farin ido a turo shi kamar mai laushi, domin bakinsa zai iya kartar koniya. A saki fatar ƙasa, sannan ta sama a hankali, nan take a ce ya dubi ƙasa, ya ci gaba da duban cinyarsa. A wannan yanayin fatar sama ta riga ta rufe bakin gilashi, jin ya ragu.

Idan zafin ya yi tsanani, mai sukar gaske, ba sabo ba ne ake jira. Wani ɗan datti ne ya shiga ƙarƙashi, ko bakin gilashin ya ɓantare. A cire, a duba, a wanke. A kuma lura da fuskar mutum: wanda ya fara gumi, ya yi shiru, ya ce yana jin jiri, yana dab da suma ne. A cire gilashin, a kwantar da kujera.

A sa maganin kashe jin ido kafin gwaji?

Masana sun rabu a nan. Digo ɗaya na furoksimetaken mai kashi 0.5 cikin ɗari yana rage hawaye da matse ido, gwaji ya yi sauri, mutum kuma bai tsorata tun ranar farko ba. Masu ƙi suna cewa yana ɓoye wa mutum abin da zai tarar a gida, kuma yana sa koniya saurin kama launi. A ganinmu yana da amfani ga yara da masu keratokonus da masu tsananin fargaba, da sharaɗi biyu: a bar gilashin a ido har maganin ya sake, wato bayan minti 15 zuwa 20, don mutum ya ɗanɗani ainihin jin, kuma kada a taɓa ba shi maganin ya tafi da shi gida.

Minti nawa ake jira kafin a yanke hukunci?

Minti 20 zuwa 30, ko har hawaye su tsaya. A leƙa da wuri don a tabbatar gilashin na kan koniya kuma bai yi nisa da daidai ba, in ya yi nisa a canza shi ba tare da ɓata lokaci ba. Amma hukunci sai ido ya natsu. Gilashin da ke iyo cikin hawaye yana yawo fiye da ƙima, yana zamewa ƙasa, kuma fuloresin yana wankewa nan da nan. Yawancin odar da ake dawowa da ita, gaggawar wannan minti ashirin ce ta haife ta.

Me ake fara dubawa?

Farin haske tukuna, kafin launi, ba tare da an taɓa fatar ido ba. Mutum ya dubi gaba ya ƙifta yadda ya saba. Ina gilashin ke tsayawa tsakanin ƙiftawa biyu? Ya rufe tagar ido? Yana tsallaka iyakar baƙin ido zuwa fari idan an dubi gefe?

Sai motsi. Gilashi mai kyau yakan bi fatar ido sama, ya dawo a miƙe cikin natsuwa, tafiyar milimita 1 zuwa 1.5, har 2 ana karɓa. Wannan motsin ne ke sauya hawayen da ke ƙarƙashi ya fitar da datti. Shimfiɗaɗɗe yakan yi tafiya mai yawa, kuma maimakon ya sauko a miƙe sai ya kewayo ƙololuwar koniya ta gefe, kamar mai kauce wa tudu. Mai zurfi da yawa kuwa ɗan motsi kaɗan yake yi, ya tsaya cak a tsakiya. A nan sababbin ma'aikata ke ruɗuwa, domin gilashin da ya matse yakan yi kyaun gani, majiyyaci ma ya ce ya fi daɗi. Bayan awa shida ne ido zai yi ja.

Zama iri biyu ne ake karɓa. Akwai wanda bakinsa na sama ke maƙale ƙarƙashin fatar sama yana tafiya tare da ita, wannan ya fi daɗin sawa. Akwai kuma wanda ke zaune tsakanin fatun biyu, wanda ya dace da mai manyan ido da fatarsa ta sama ba ta sauko kan baƙin ido ba. Siffar idon ce ke zaɓa, ba son ran mai gwaji ba.

Yaya ake sa fuloresin yadda ba zai yi ƙarya ba?

A jiƙa tsinken takardar da digo ɗaya na ruwan salin, wato ruwan gishirin asibiti, a yarfe abin da ya yi yawa, a taɓa farin ido na sama sau ɗaya yayin da mutum ke duban ƙasa. Ya ƙifta sau biyu ko uku. A kunna shuɗin haske, a buɗe shi sosai, a rage girman hoto yadda za a ga gilashin gaba ɗaya. Matatar rawaya irin Wratten 12 a gaban madubin tana fito da koren fes, kuma wanda ya saba da ita ba ya son aiki babu ita.

Idan launin ya yi yawa, yakan malale saman gilashin, komai ya zama kore, a ɗauka gilashi ya yi zurfi alhali bai yi ba. Idan ya yi kaɗan ko an daɗe, komai ya yi duhu, a ɗauka ya shimfiɗe. A karanta cikin minti ɗaya zuwa biyu. A kuma tuna cewa wasu gilasan suna tare hasken ultirabayolet, don haka fitilar hannu ta Burton na iya nuna duhu a inda hawaye suke.

Yaya ake karanta hoton da ya fito?

Ƙa'idar ɗaya ce: kore yana nufin akwai hawaye tsakanin gilashi da koniya, duhu yana nufin sun kusanci juna. Fuloresin ba ya haskawa idan kaurin hawaye ya gaza kimanin maikiron 20 (milimita 0.02), saboda haka duhu ba lalle ne ya zama gilashi na danna koniya ba, yana iya zama siririn hawaye ne kawai.

Abu na biyu, wanda ake yawan mantawa: hoton ba ya karantuwa sai gilashi na tsakiya. Idan ya zame ƙasa, a tura shi da bakin fatar ƙasa har ya daidaita, sannan a duba. Gilashi daidai da ya zame zai nuna kore a ƙasa da duhu a sama, a yi ta canza lanƙwasa a banza.

A raba gilashin gida uku, a bi su ɗaya bayan ɗaya: tsakiya, kewayen tsakiya, baki. A zama mai kyau, tsakiya tana da ɗan kore mara ƙarfi, shimfiɗe bai ɗaya, kewayenta ya ɗan fi duhu ba tare da kaifin iyaka ba, baki kuma zobe ne kore shar da ya zagaye.

Mai zurfi yana tara tafkin kore a tsakiya, sai zoben duhu mai kaifi ya kewaye tafkin, bakin kuma ya sirance. Wannan zoben ne matsalar, domin ya datse hawaye, na ciki ba su fita, na waje ba su shiga. Idan zurfin ya yi yawa za a ga kumfar iska a tsakiya, in ta farfashe ta bar ƙananan ramuka a fuskar koniya masu tara launi kamar an yayyafa. Waɗannan ramukan ba ƙujewa ba ne, sukan baje cikin 'yan awoyi bayan an cire gilashi, amma suna dusashe gani.

Shimfiɗaɗɗe akasin haka ne: duhu a tsakiya, kore na ƙaruwa zuwa waje, baki ya yi faɗi. Girman duhun yana faɗin labari. Babban duhu mai laushin iyaka kusa yake da daidai. Ƙaramin duhu mai kaifi yana nufin duk nauyin gilashin ya taru a wuri guda, kuma a nan koniya za ta ƙuje.

Ga wanda bai gama sabawa ba, hanya mafi sauri ita ce ya ɗora gilashin da ya fi zurfi da 0.10, sannan wanda ya fi shimfiɗa da 0.10, ya ga hotunan uku a ido ɗaya. Bambancin 0.05 yana da wuyar gani ko ga gwanaye.

Bakin gilashi fa, me ya sa ake damuwa da shi haka?

Domin jin daɗi da lafiyar ido duk a can suke. Zoben koren baki ya kai faɗin kusan rabin milimita. Idan ya sirance ko ya ɓace, hawaye ba sa shiga, gilashi na iya mannewa, ya bar shatar zobe a koniya, cirewa ma ta yi wuya domin fatar ido ba ta samun inda za ta kama. Idan ya yi faɗi da yawa, fatar ido tana karo da shi, kumfa na shiga ta gefe, gilashi na iya faɗowa idan an waiga da sauri. Idan tsakiya ta yi kyau baki ne kawai bai yi ba, kada a taɓa BOZR, a nemi kamfani ya ƙara ko ya rage ɗagowar baki.

Idan koniya na da astigmatizim, wane hoto ake tsammani?

A irin wanda aka fi samu, inda layin kwance ya fi shimfiɗa, za a ga duhu ya miƙe a kwance, kore ya taru sama da ƙasa. Wannan ba laifi ba ne muddin gilashin na tsakiya kuma bakin ƙasa bai tashi ba. Hasali ma irin wannan koniya tana ba gilashi hanyar hawa da sauka. Idan layin tsaye ne ya fi shimfiɗa, gilashi yakan gudu gefe, wajen hanci ko wajen kunne, kuma ya fi wuyar sha'ani. Idan gilashi ya fara rawa a kan layi ɗaya, ko bakin ƙasa na kama kumfa, lokacin gilashi mai lanƙwasa biyu a ciki ya yi. Shi kuma yana haifar da nasa silinda saboda bambancin yadda roba da hawaye ke karya haske, shi ya sa galibi ake gyara fuskarsa ta waje ita ma.

Yaya ake fitar da ƙarfin da za a yi oda?

Hawayen da ke tsakanin gilashi da koniya su ma gilashi ne, suna da ƙarfinsu. Gilashin da ya fi koniya zurfi yana haifar da hawaye masu fulos, wanda ya fi ta shimfiɗa yana haifar da masu mainus. Kowane milimita 0.05 daidai yake da kusan 0.25 D. Wannan gilashin hawaye ne kuma ke shafe kusan kashi 90 cikin ɗari na astigmatizim ɗin fuskar koniya, dalilin da ya sa mai tauri ke ba da gani garau inda mai laushi ya gaza.

A aikace, ana auna ido da gilashin gwaji a kansa, da ƙarfi zalla tukuna ba silinda. A ce gilashin 7.80 ne mai -3.00, aka ƙara -1.00 a kansa mutum ya ga layin ƙasa. Oda ita ce 7.80 da -4.00. Idan kuma an yanke shawarar zurfafa shi zuwa 7.75 ba tare da an gwada ba, an ƙara wa hawaye +0.25, sai a biya da mainus, oda ta zama -4.25. In an shimfiɗa zuwa 7.90, ta koma -3.50. A haddace: zurfi na neman mainus, shimfiɗa na neman fulos.

Idan abin da aka ƙara ya wuce 4.00 D, sai an gyara saboda tazarar tabarau da ido. Misali -6.00 a tazarar milimita 12 yana komawa kusan -5.50 a kan koniya. Abin da aka ƙaran ake gyarawa, sannan a haɗa da ƙarfin gilashin gwaji, ba a haɗa tukuna a gyara jimla ba.

Akwai wata riba a nan da ba kowa ke cin moriyarta ba. Kafin a auna, a lissafa abin da ake tsammani. Mai tabarau -3.00 da aka ɗora wa gilashi -3.00 daidai da koniyarsa bai kamata ya nemi ƙari ba. Idan ya nemi -1.00, to ko dai gilashin ya fi yadda ake zato zurfi da kusan 0.20, ko an mayar da wani gilashi cikin kwalbar da ba tasa ba, ko mutum yana matsa idonsa ya sha mainus. Duk bambancin da ya wuce 0.50 D a tsaya a nemi dalilinsa.

Zama ya yi kyau amma gani bai fita ba. Me ke faruwa?

A fara da fuskar gilashin. Idan hawaye ba sa shimfiɗuwa a kanta, sai ka ga tsibirai busassu, to maiƙo ne, daga man shafawa ko sabulun hannu, ko kuma gilashin ya daɗe a bushe. A wanke a sake jiƙawa.

In ba wannan ba, a auna silinda. Astigmatizim na cikin ido ba ya shafuwa da hawaye. Mai tabarau da silinda -1.50 amma koniyarsa ƙwallo ce sumul, mai tauri zai bar masa silindarsa cif. Haka wanda koniyarsa ke da 1.00 D amma tabaransa ba silinda: cikin idonsa ne ke biyan na waje, gilashi mai tauri zai tone abin da ke rufe. Ana iya hango wannan a takarda tun kafin gwaji, ta hanyar kwatanta silindar tabarau da ta keratomita. Ragowar da ta wuce 0.75 D yawanci tana buƙatar gyara.

Na uku shi ne lanƙwashewa. Siririn gilashi a kan koniya mai astigmatizim yakan bi siffarta. A ɗora keratomita a kan gilashin yana ido: idan layuka biyu suka bambanta, yana lanƙwashewa. Maganinsa a ƙara kauri da milimita 0.02 zuwa 0.04, ko a ɗan shimfiɗa shi.

Gilashi na zamewa ƙasa, ko yana maƙalewa sama. Me za a gyara?

Mai fulos yana da kauri a tsakiya, nauyinsa na rinjaya gaba, sai ya sauka. A rage masa kauri, a sa a yanka masa gefe irin na mainus don fatar sama ta samu abin kamawa, ko a ƙara faɗi. Mai mainus da yawa bakinsa ne ke da kauri, fatar ido ta cafke shi ta riƙe a sama, sai a sirance bakin ko a rage faɗi. Wannan ne ya sa gilashin gwaji -3.00 ba ya faɗin gaskiya a kan idon da zai sa +8.00 ko -12.00. A gwada da ƙarfi mafi kusa da na ƙarshe in akwai.

A canza abu ɗaya a lokaci guda. A kuma tuna cewa faɗi da zurfi a ɗaure suke: ƙara da'irar gani da milimita 0.5 yana zurfafa zama, sai an shimfiɗa BOZR da 0.05 kafin a koma inda ake, shimfiɗawar kuma ta taɓa ƙarfi da 0.25 D.

Keratokonus ma haka ake yi?

Matakan ɗaya ne, ma'aunin ne daban. Ana amfani da jerin gwaji na musamman, irin su Rose K, kuma keratomita ba ta wuce nuna inda za a fara ba. Ana zurfafawa mataki-mataki har a samu gilashi na farko da ya ɗaga daga ƙololuwar tsinin, sannan a tsaya nan ko a ɗan sassauta zuwa taɓawa mara nauyi, sauran nauyin ya rabu a gefe biyu. Gilashin da ya danne tsini yakan ba da gani mai kyau, majiyyaci ya so shi, amma dannawar tana tafiya tare da ƙujewa da tabo. Idan an ga launi ya yi guguwa a kan tsinin bayan an cire, gilashin ya shimfiɗe da yawa. In ƙaramin gilashi ya ƙi zama sam, a koma babba mai sauka a kan farin ido.

Yaya ake cirewa, kuma idan ya gudu cikin farin ido fa?

Mutum ya dubi gaba. A buɗe fatun biyu har su wuce bakin gilashi, a danna bakinsu a hankali jikin ido, a haɗo su, gilashin zai ɓallo. Ko a yi amfani da 'yar robar tsotsa, amma sai an ga gilashin da ido an ɗora ta a kansa, ba a laluben koniya da ita. Idan ya gudu, a gano inda yake, mutum ya dubi ɗaya ɓangaren, a tokare bakin gilashin na waje da fatar ido, sannan ya juyo da idonsa a hankali, koniya ta shigo ƙarƙashinsa. Ba ya iya zagayawa bayan ido, a faɗa wa majiyyaci haka, domin da yawa wannan ne tsoronsu. Bayan cirewa a sake sa fuloresin a duba koniya.

Yaya ake tsabtace gilashin gwaji tsakanin mutum da mutum?

A goge shi da ruwan wankinsa da zarar an cire, kafin datti ya bushe a kai, a ɗauraye da salin. Sannan a jiƙa shi cikin haidurojin feroksaid mai kashi 3 cikin ɗari na aƙalla awa 3, a mazubin da ba ya kashe ƙarfin maganin, a ɗauraye sosai, a tsane, a ajiye a bushe. A Ingila, saboda fargabar cutar ƙwaƙwalwa ta vCJD, an fi son gilashin da mutum ɗaya zai sa, inda kuma dole ta sa a maimaita, ana jiƙawa cikin sodiyam haifokulorait mai kashi 1 cikin ɗari na minti 10. Kowace ƙasa da ƙa'idar hukumarta, ita ce gaba.

Ruwan famfo ba ya zama abin ɗauraya na ƙarshe, saboda ƙwayar akantamiba, wadda ciwonta a koniya ke da wuyar magani ƙwarai. Ragowar feroksaid kuma tana ƙona ido, don haka a sake ɗauraya kafin a sa wa wani. A rubuta wane gilashi aka sa wa wa, da ranar. Wanda aka sa wa mai ciwon ido mai yaɗuwa, zubar da shi ya fi.

Gilashin gwaji yana canzawa da tsufa?

Yana yi. Yawan murzawa yana murɗa shi, yana kartar fuskarsa. Lokaci-lokaci a bi jerin duka da radiyoskof a tabbatar da lanƙwasa, da na'urar auna tabarau a tabbatar da ƙarfi, a duba baki da madubin ƙara girma. Kuskuren da aka yarda da shi a RGP shi ne milimita 0.05 a lanƙwasa, 0.10 a faɗi, 0.02 a kauri. Gilashin da ya nuna lanƙwasa biyu alhali ɗaya aka yi shi da ita ya murɗe, a fitar da shi daga jeri.

Me ake rubutawa a oda, kuma yaushe mutum zai dawo?

Sunan samfuri, BOZR, da'irar gani, faɗi, ƙarfi, ɗagowar baki, irin roba da yawan iskar da take bari, launi, da kauri idan an canza shi. A yi oda da samfurin da aka gwada, domin 7.80 na wani kamfani ba zai zauna kamar 7.80 na wani ba. Ga sawar rana, awon Holden da Mertz na 1984 ya sa mafi ƙarancin iskar da ake buƙata a Dk/t 24 (Dk/t shi ne ma'aunin iskar da ke ratsa gilashi), robobin yau kuma mafi yawansu sun wuce nan. Ba wa ido biyu launi daban yana hana musanya dama da hagu.

Idan gilashin ya iso, a auna shi, a jiƙa shi kwana ɗaya kafin ranar karɓa, a sake duba zama da gani. Mutum ya fara da awa 2 zuwa 4 a ranar farko, yana ƙara awa 1 zuwa 2 kullum. Ya dawo bayan mako ɗaya ko biyu, da gilashin a ido aƙalla awa huɗu, domin abin da ake nema ba ya fitowa da sassafe. A wannan zuwan a nemi launi a gefen koniya na dama da hagu, inda ƙarfe 3 da ƙarfe 9 suke a fuskar agogo. Bushewa ce ke kawo shi, inda bakin gilashi ya ɗage fatar ido daga koniya, ko gilashi ya zauna ƙasa, ko mutum ya koyi rabin ƙiftawa don gudun jin baki. A gyara bakin ko faɗin, a koya masa rufe ido har ƙasa, a ba shi ɗigon jiƙa ido, a sake ganinsa bayan wata ɗaya.